A koya wa yaranmu haɗa bututu, kada a tsaya a danna madanni

Ranar wata kasuwa a Tanut, wani dattijo makiyayi daga ƙasar Tenhya, wanda na taɓa koyar da ɗansa, ya tare ni a bakin rumfar mai shayi. Bayan mun gaisa, ya ciro wata takarda da ya naɗe cikin leda, ya miƙo mini da hannu biyu. Takardar shaidar koyon kwamfuta ce da yaron ya samo bayan ya yi wata uku a birni. Awaki biyu aka sayar aka biya kuɗin karatun da na abinci. Ya ce: "Mushe, duba mini. Yanzu yaron nan me ya zama?"

Na karanta. An rubuta ya koyi Word, Excel, PowerPoint da shiga intanet. Na kira yaron na ce: "Ɗana, idan ka gama rubuta wasiƙa ka danna a buga ta, me ke faruwa tsakanin dannawarka da lokacin da injin zai jawo takarda? Wa ke gaya wa wa?" Ya yi shiru, can ya ce: "Ai haka kwamfuta take yi, Mushe." Na juya na ce wa mahaifinsa: "Baba, ya samu abin da zai amfane shi, Allah ya sa albarka." Ban yi masa ƙarya ba, amma ban faɗa masa duka ba, kuma abin ya daɗe yana ci mini rai.

Yaron ba shi da laifi. Ni kaina haka aka koya mini sa'ad da na fara taɓa kwamfuta: ga inda ake danna wannan, ga inda ake ja wancan. Mun mayar da kwamfuta keken rubutu mai haske. Ra'ayina shi ne, a cikin ƴan awoyin da muke samu na darasin kwamfuta a kwaleji da lise, ya kamata mu ware ko da biyu ne mu nuna wa yara yadda manhaja take miƙa wa ƴar'uwarta saƙo. Kuma akwai hanya mai arha ta yin haka, wadda ba ta buƙatar intanet ko sabuwar na'ura. Masana suna kiranta bututu mai suna.

Mu malamai mun fi sanin kalmar manhaja da ma'anar tsarin karatu, amma a nan ina nufin shirin da ke aiki cikin kwamfuta ko waya. Kwamfuta ba ma'aikaci ɗaya ba ce. Ma'aikata ne da yawa a gida ɗaya, kowane da ɗakinsa a kulle, ba ya ganin abin da ke cikin ɗakin maƙwabcinsa. Da gangan aka raba su haka, don kada ɗaya ya yi kuskure ya ɓata aikin saura. To amma tilas su yi hulɗa. Manhajar da ka rubuta wasiƙa a cikinta ba ta san yadda ake tuƙa injin buga takarda ba. Sai ta miƙa aikin ga wata da ta sani. Amsar tambayar da na yi wa yaron ke nan. Hanyoyin wannan miƙawa suna da yawa, kuma bututu na cikin mafi sauƙinsu da mafi daɗewa.

A shekarar 1964 wani masani mai suna Douglas McIlroy, a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka, ya rubuta wa abokan aikinsa shawara cewa ya kamata a samu hanyar jona manhajoji kamar yadda mai lambu yake jona tiyo: idan ruwa bai kai inda kake so ba, sai ka ƙara wani yanki. Shawarar ta yi shekaru tana jira. A 1973 abokin aikinsa Ken Thompson ya saka ta cikin tsarin Unix, wanda shi da Dennis Ritchie suka fara ginawa a 1969. Daga nan aka samu ɗan tsayayyen layin nan, |, wanda idan ka sa shi tsakanin umarni biyu, abin da na farko ya fitar yake zama abincin na biyu. Kwamfutocin da aka yi wannan aiki a kansu, ƙwaƙwalwarsu ba ta kai ko kusa da ta wayar Android mafi arha a kasuwar Tanut ba.

Akwai labarin da ke nuna ƙarfin wannan tunani. A 1986 aka nemi Donald Knuth, ɗaya daga cikin manyan malaman kwamfuta na duniya, ya rubuta manhajar da za ta karanta rubutu ta fitar da kalmomin da suka fi yawan maimaituwa. Ya rubuta ta da kyau, cikin shafuka da dama. Da aka ba McIlroy ya yi sharhi a kanta, sai ya yi aikin da ƙananan umarni shida da ya jona da bututu, waɗanda duk suna nan cikin Unix tun kafin lokacin. Ba wanda ya ce Knuth bai iya ba. Abin da McIlroy ya nuna shi ne, wanda ya iya haɗa ƙananan kayan aiki ba ya buƙatar ya ƙera sabon babba kullum. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wancan bututu na farko yana da iyaka: yana haɗa manhajojin da aka tayar tare, daga wuri ɗaya, kuma da sun gama sai ya ɓace. Daga baya aka ƙaro bututu mai suna. Shi wannan ana ba shi suna, ya zauna cikin jerin fayiloli kamar kowane fayil. Manhajoji biyu da ba su san juna ba, waɗanda aka tayar a lokuta daban, za su iya haɗuwa a kansa muddin sun san sunan. Ɗaya ta zuba, ɗaya ta ɗiba. Tsarin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, ya gaji wannan dabara, kuma kyauta ake samunsa.

Ga yadda na gwada darasin da ɗalibaina, a kan tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya mai Linux, wadda muke caja da sola. Na buɗe taga biyu na rubuta umarni, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Na ce su zaɓa wa bututun suna. Wani yaro ya ce a sa masa sunan garinsu. Sai muka rubuta:

mkfifo tenhya

A tagar hagu wata yarinya ta rubuta umarnin da ke cewa a karanto abin da ke ciki:

cat tenhya

Ba abin da ya faru. Tagar ta tsaya cik. Aji ya ɗauki surutu, wasu na cewa kwamfutar ta lalace, wasu na cewa yarinyar ta danna ba daidai ba. Na bar su suka yi ta gardama na ɗan lokaci. Sannan na kira wani ya zo tagar dama ya rubuta:

echo "Sannunku da aiki" > tenhya

Yana dannawa, gaisuwar ta bayyana a tagar hagu. Gani ya kori ji. Ba wanda ya sake cewa ta lalace. Da kansu suka gano cewa ta hagu jira take yi, domin ba wanda ya zo ɗaya bakin tukuna. Muka juya abin, muka fara da mai zubawa, shi ma ya tsaya har mai ɗiba ya iso.

Daga wannan ɗan gwaji abubuwa huɗu suka fito, kuma kowane yaron Damargu ya riga ya san irinsu a bakin rijiya da bakin famfo.

Na farko, bututu ba randa ba ne. Fayil kamar randa yake: ka zuba yau, ka dawo gobe ka tarar. Bututu mai suna kuwa, sunansa kawai ke zaune a kan faifai. Saƙon yana ratsawa ne ta ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma da an karanta shi ya tafi ke nan. Idan ka rubuta ls -l za ka ga girmansa sifili, da harafin p a farkon layin, alamar cewa wannan bututu ne. Yaron da ya gane bambancin ajiya da wucewa ya gane abin da manya da yawa masu riƙe da waya ba su gane ba.

Na biyu, akwai layi. Abin da ya fara shiga shi ke fara fita, kamar jerin jarkoki a bakin famfo idan mai tsaron famfon adali ne. Shi ya sa masana ke kiransa FIFO, taƙaicewar wannan ƙa'ida a Turanci.

Na uku, bututu yana cika. A Linux, abin da yake iya riƙewa a al'ada bait 65,536 ne, wato kusan haruffa dubu sittin da biyar. Idan mai ɗiba yana nawa, mai zubawa zai cika shi, sannan a tsayar da shi har sai an rage. Ba a zubar da komi a ƙasa. A nan ma muka ci karo da wani abu da ya ba yaran mamaki: haruffanmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, kowannensu gurbi biyu yake ci, alhali k da d da b ɗaya-ɗaya suke ci. Muka ƙirga kalmar "ɗaki" da umarnin wc -c, ta fi "daki" nauyi da bait ɗaya. Ranar ne wasunsu suka fara tunanin cewa akwai mutanen da suka zauna suka tsara yadda Hausa za ta shiga kwamfuta.

Na huɗu, dole ka yi tunanin abin da zai faru idan ɗaya ya tashi. Idan mai zubawa ya rufe bakinsa, mai ɗiba yana samun alamar cewa an gama. Idan mai ɗiba ne ya tafi ana cikin zubawa, tsarin yana aika wa mai zubawa alamar cewa bututu ya karye, kuma galibi nan take yake tsayawa. Idan masu ɗiba biyu ne, saƙo ɗaya ba ya zuwa ga duka biyun. Wanda ya riga ɗauka shi ya samu.

Don malamai su ga abin bai yi nisa da aikinmu ba, ga gwaji na biyu. A tagar hagu ka rubuta sort -rn < tenhya, a ta dama ka rubuta cat > tenhya, sannan ka shiga jera maki da suna, layi-layi: 14 Hadiza, 9 Musa, 17 Fati. Ba za ka ga komi a hagu ba har sai ka rufe da Ctrl da D. Kana rufewa, jerin zai fito daga babba zuwa ƙarami. Na tambayi ajin dalilin jiran. Wata ta ce: "Ai Mushe, kai ma ba ka faɗin wanda ya zo na ɗaya sai ka gyara takarda ta ƙarshe." Ban ƙara komi a kan amsarta ba.

Na san abin da abokan aikina za su ce, domin sun riga sun faɗa mini a ɗakin malamai.

Wasu sun ce yaran da ke zuwa kwaleji ba su iya karatu sosai ba, ina su ina Linux? Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma ban ce a taɓa awoyin karatu da lissafi ba. Karatu ne gaba da komi. Amma darasin da nake magana a kai, karatu da rubutu ne tsantsa. Yaro ya rubuta tenya maimakon tenhya, kwamfuta ta ce ba ta san wannan ba, ya koma ya duba harafi-harafi. Ba ta yi masa tsawa, ba ta kuma yi masa alfarma. Na ga yaran da ba su damu da kuskuren rubutu a littafi ba suna sake duba layi sau uku kafin su danna.

Wasu sun ce ba wuta, ba kwamfuta, ba intanet. Daidai ne, musamman idan ka bar hanyar Damagaram zuwa Agadas ka shiga daji wajen Tenhya ko ƙauyukan Balbeji. Amma wannan hujja ta fi ƙarfi a kan darasin da muke yi yanzu. Koyon Word yana son kowane yaro ya zauna gaban na'ura awoyi da yawa, hannunsa ya saba. Shiga intanet yana son rezo da kuɗin kati. Darasin bututu kuwa kwamfuta ɗaya ta isa aji guda, ko da ta tsufa, kuma ana iya tayar da Linux daga filashi ba tare da an goge abin da ke cikinta ba. A wayar Android ma, wadda ita kanta a kan zuciyar Linux aka gina ta, akwai manhaja kyauta mai suna Termux da ke karɓar waɗannan umarni, sai dai rubutu a kanta da ƙunci. Inda babu ko waya, ka nemo guntun bututun roba da ƙwallayen aduwa, ka rubuta lamba a kan kowane. Yaro ɗaya ya tura ta wannan baki, wani ya karɓa ta wancan, na uku ya toshe bakin fita a ga yadda yake cika. Rabin darasin ya samu kafin a ga allon kwamfuta.

Wasu sun ce masu ɗaukar aiki Word da Excel suke tambaya. Haka ne, kuma a ci gaba da koyar da su. Amma mu duba gaba kaɗan. Shagunan buga takardu nawa Tanut za ta iya ɗauka? Wayar hannu ta riga ta fara cinye wannan sana'a. A ɗaya gefen, ga matatar man SORAZ a kan hanyarmu ta zuwa Damagaram, wadda aka buɗe a watan Nuwamba na 2011, ana kawo mata ɗanyen mai ta bututu mai tsawon fiye da kilomita 460 daga Agadem. A irin waɗannan wurare ma'aunai da na'urori da manhajoji ne ke miƙa wa juna bayani dare da rana. Haka idan makiyayi ya sayar da raƙumi ya aika kuɗi gida ta Nita ko Amana, manhajoji ne ke magana da juna kafin a ƙirga wa iyalinsa kuɗin. Hanyoyin da suke amfani da su sun fi bututun ajinmu girma da sarƙaƙiya, amma tambayoyin ba su sauya ba: wa ke aikawa, wa ke karɓa, me ya riga me, me za a yi idan ɗaya ɓangaren ya yi shiru? Wa muke shiryawa ya amsa waɗannan tambayoyi? Idan ba mu shirya namu ba, za a kawo wasu daga nesa, namu su tsaya a bakin ƙofa da takardar shaida cikin leda.

Ba na so in sayar muku da abin fiye da kuɗinsa. Bututu mai suna na Linux cikin kwamfuta ɗaya yake aiki, kuma hanya ɗaya yake kai saƙo. Idan kana son amsa sai ka yi na biyu. Windows ma yana da nasa, amma tsarinsa daban ne, yana iya kaiwa da kawowa, har ya ratsa zuwa wata kwamfutar. WhatsApp ba da wannan yake aika saƙonka ba. Yaron da ya yi darasi biyu bai zama injiniya ba. Abin da ya samu shi ne ya daina cewa "haka kwamfuta take yi". Ya san akwai dalili, kuma dalilin abu ne da mutum irinsa zai iya ganewa.

Hujjar da ta fi damuna ita ce wadda ba a faɗa da ƙarfi: mu malamai ba mu sani ba, kuma muna jin nauyin mu tsaya gaban yara da abin da zai iya ƙi mana. Ni ma ranar farko na manta alamar > na tsaya ina zufa, sai wani ɗalibi ne ya nuna mini. Ban mutu ba. Ina roƙon masu tsara karatu a makarantun horar da malamai su saka irin wannan gwaji cikin abin da ake nuna wa ɗalibai-malamai. Yini ɗaya ya isa. Kafin nan, mu da ke cikin aji kada mu jira takarda daga Yamai. A taronmu na ƙara wa juna sani, wanda ya iya ya nuna wa saura.

Akwai kuma batun harshe. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Wannan matsayi ba zai yi nauyi ba idan Hausa ta tsaya a gaisuwa da labarai, duk abin da ya shafi na'ura kuma sai an koma Faransanci. Da na ce "bututu", "mai zubawa", "mai ɗiba", "ya cika", "ya karye", ba yaron da ya nemi ƙarin bayani, har da waɗanda Tamashek ko Fulfulde suke yi a gida, suna jin Hausa a kasuwa da lakwal. Umarnin kansa, mkfifo ko cat, dole a rubuta shi yadda yake. Amma bayani da gardama da tambaya, duk suna yiwuwa da harshen da yaro yake tunani da shi.

Ku kuma iyaye, ba sai kun san kwamfuta ba kafin ku bi sawun kuɗinku. Idan za ku biya wa yaro karatun kwamfuta, ku tambayi mai koyarwa: bayan rubuta wasiƙa da jadawali, me kuma zai koya? Zai ga yadda abin yake aiki daga ciki? Idan yaro ya dawo, kada ku tsaya a takarda. Ku ce: "Nuna mini abin da ka haɗa da hannunka, ka bayyana mini da Hausa." Idan ya iya sa ku gane, ya koya. Idan ya ce abin ba ya faɗuwa da Hausa, ku sani haddacewa ya yi. Kuma ku tura ƴaƴa mata. A ajina yarinya ce ta fara gane dalilin jiran jerin maki.

Dattijon nan na Tenhya yana da haƙƙi a kaina. Na aika masa cewa idan yaron ya shigo Tanut ya biyo ta wurina, mu zauna awa biyu a gaban tsohuwar kwamfutar. Ba zan ba shi wata takarda ba. Ina so ne ran da mahaifinsa ya sake tambaya, shi da kansa ya ba da amsa. Allah ya ba mu ikon sauke nauyin da aka ɗora mana, ya sa yaranmu su fi mu sani.